Hannun Da Ya San Ƙofar Gwiwa

A Dei-Dei ta Abuja da gaɓoɓi ake neman abinci. 'Yan dako a kasuwar kayan gini kan wuni da buhun siminti mai kilo 50 a ka, masu lodin katako na hawa da sauka, mahauta kuwa a sunkuye suke tun asuba. Shi ya sa idan gwiwa ta kumbura sai a ce gajiya ce ko sanyi, a nufi kemis a sha allura a ɗuwawu. Amma akwai masu ciwon da ba dako ya jawo musu ba. Garkuwar jikinsu ce ta juyo tana cin gaɓoɓinsu, kamar yadda amosanin gaɓoɓi da cutar lufus ke yi, kuma mata suka fi fama da su. Mace ta tashi da safe yatsu a sandare, ko murfin kwalba ba ta iya murɗawa sai hantsi ya dubi ludayi. Irin waɗannan ne wani lokaci likita ke kai wa magani har cikin gaɓar da kanta.

A 1948 Philip Hench ya fara gwada kotizon a kan mai amosani a asibitin Mayo na Amurka, a 1951 kuma Joseph Hollander na Filadelfiya ya nuna amfanin zuba irin maganin kai-tsaye cikin gaɓa. Maganin bai da wuyar samu yau. Hannun da ya iya kai shi ne ke da wuya.

Dubi yadda gwani ke yi wa gwiwa. Zai kwantar da mara lafiya, ya miƙe ƙafar, ya ce ta saki jiki. Da babban yatsa zai tura ƙoƙon gwiwa gefe, yana laluben ɗan gurbin da ke ƙarƙashin gefensa na waje, ya sa alama. Sai ya wanke wurin da ayodin, ya jira ya bushe, kuma ba zai sake taɓa shi ba, domin ƙwayar cuta idan ta shiga gaɓa tana iya cinye guringuntsi cikin 'yan kwanaki. Mahaucin da ya ƙware ba ya sarar ƙashi, wuƙarsa ce ke gano mahaɗa ta bi. Haka allurar nan ke shiga. Idan ta daki ƙashi ba ya dannawa, sai ya ja baya kaɗan ya gyara kwana.

Abin da ya fi burge ni shi ne kafin ya zuba komai yakan fara zuƙo ruwan da ya taru, ya ɗaga sirinji ya duba. Ruwan gaɓa mai lafiya garau yake, rawaya-rawaya, mai yauƙi. Na amosani ya fi duhu da tsinkewa. Idan kuwa ya fito kamar mugunya, ko mara lafiyar na zazzaɓi gaɓar ta yi zafi rau, to nan take zai fasa allurar ya tura ruwan ɗakin gwaji, don kotizon a kan ƙwayar cuta ƙara mata ƙarfi yake yi. Gaɓoɓi masu zurfi irin ƙugu kuwa, sai da na'urar hoto yana kallon bakin allurar.

Ya kuma san inda zai tsaya. Sauƙin yakan kai makonni ko 'yan watanni, mara lafiya ta dawo tana roƙon, "Likita, don Allah a ƙara mini ta rannan." Ba ya maimaita wa gaɓa ɗaya kafin wata 3. Ko a hakan ma, wani bincike da aka buga a Amurka a 2017 ya nuna gwiwoyin da aka yi ta yi wa allurar duk mako 12 har shekara 2 sun fi waɗanda ba a zuba musu maganin ba rasa guringuntsi. Mai ciwon suga kuma ana gargaɗinsa cewa sugan zai hau na 'yan kwanaki.

Daga Dei-Dei, masu wannan hannu sai an bi su Asibitin Ƙasa da ke cikin Abuja, ko asibitin koyarwa na Gwagwalada, wasu har asibitin ƙashi na Dala a Kano. A can za a gaya wa mai amosani cewa allurar ba ta kashe cutar ba, lafar da gaɓa ɗaya ta yi kafin magungunan sha irin su metotirezet, waɗanda kan ɗauki makonni, su fara aiki. Za a ce ta hutar da ƙafar kwana biyu, in kuma gwiwar ta ƙara kumbura da zazzaɓi ta dawo a ranar.