Ƙasa ta zama kasa: sharhi a kan rubutun neman sahun gaba a Google

Akwai wani salon Hausa da ya ɓullo a intanet, wanda ba a Kano aka haife shi ba, ba kuma a Damagaram ba. Ga kamanninsa: take mai tsawo kamar jerin gwanon biki, kalma guda ta dawo sau uku a cikinsa, sakin layi na farko ya maimaita taken, na biyu ya maimaita na farko, sai ka kai ƙasa ka tarar labarin duka layi huɗu ne. Masu yin haka ba rashin iya rubutu ke damunsu ba. An koya musu ne cewa ta haka shafi ke fitowa a sahun gaba idan mutum ya yi bincike, ba tare da an biya kuɗin talla ba. Masu Turanci na kiran sana'ar SEO, mu nan da muka bi ta lakwal mun fi jin referansaman. Yanzu da wasu ƴan ƙungiyarmu ke cewa mu ɗora waɗannan maƙaloli a intanet, har an fara kawo mana irin waɗannan shawarwari, ya kamata mu tankaɗe su tukuna.

Mu fara da yadda injin yake aiki, don yawancin masu ba da shawarar ba su faɗi. Larry Page da Sergey Brin sun kafa Google a 1998, kuma dabarar da ta ɗaga su a kan sauran ita ce PageRank: duk shafin da ya saka mahaɗa zuwa naka, kamar ya ba da shaida ne a kanka, kuma shaidar babba ta fi ta yaro nauyi. Da mutane suka gane haka sai aka shiga sayen shaidu da cusa kalmomi. Kamfanin ya yi ta toshe ƙofofin ɗaya bayan ɗaya. A 2009 ya bayyana cewa ba ya duba jerin kalmomin da ake ɓoyewa a bayan shafi. A 2011 ya fito da gyaran da ake kira Panda don dannar shafuka marasa nama, a 2012 kuma Penguin don masu mahaɗan bogi. Ko manya ba su tsira ba: a 2006 an cire shafin BMW na Jamus na ɗan lokaci saboda irin wannan wayo. Ke nan maimaita kalma sau goma da ake koya wa yaranmu yau a matsayin sirri, tsohon kaya ne da aka yi gwanjonsa tun wasunmu na firamare.

Ban ce duk shawarwarin banza ba ne. Wasu ma gaskiya ce tsagwaronta. Take ya faɗi abin da ke ciki. Shafi ya zama marar nauyi, don Google da kansa yanayin shafi a wayar salula yake dubawa da farko, kuma wanda ke Tasawa ko Madawa da rezo mai sanda ɗaya da forfe na dala ashirin ba zai tsaya jiran hoto mai cin mega biyar ba. Rubutu ya zama rubutu, ba hoton takarda ba. Sannan abin da ya fi shafarmu: duk waƙa da gajeren labarin da muke zubawa a WhatsApp, injin bincike bai san da su ba, ranar da waya ta faɗa ruwa sun tafi ke nan. Wannan duka na yarda da shi.

Inda muka raba hanya shi ne wajen haruffa. Ana ce mana: ku bar ƙ da ɗ da ɓ da ƴ, mutane ba su buga su in suna bincike. Gaskiya ne da yawa ba su bugawa. Kuma akwai wata matsala ta fasaha: a tsarin haruffan kwamfuta, é ta Faransanci ana iya warware ta ta koma e da alamarta, amma ƙ harafi ne mai zaman kansa, ba k ba ce da aka ɗora wa hula. To amma dubi abin da ake so mu sayar. Ƙasa ta zama kasa, baƙi ya zama baki, ƙafa ta zama kafa, ɓata ya zama bata. Mai karatu ɗan Hausa yakan cinko ma'ana daga jimla, i, amma ƙanenka da ke koyon karatu fa? Bazabarme ko Ba'azbine da ke koyon Hausa a rubuce fa? Mutane sun zauna a Bamako a 1966, sun sake zama a Yamai a 1980, don daidaita waɗannan ƙa'idoji, kuma a 1999 hukumar ilimi ta ƙasar nan ta tsayar da namu tsarin, wanda a ciki muke rubuta ƴ inda ƴan Najeriya ke saka waƙafi a gaban y. Duk wannan aiki a zubar saboda lalacin babban yatsa? Alhali allon rubutu na Gboard yana da Hausa, kyauta, minti biyu ya isa a saka shi. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne masu wannan shawara ba su lura cewa injin daga abin da muka rubuta yake koyo. In duk muka cire lanƙwasa, Hausa marar lanƙwasa za ta zama ita ce Hausar da injuna suka sani, su kuma su dawo mana da ita a fassara.

Shawara ta biyu ta fi wannan haɗari don ta fi kama da hankali. Ana cewa kafin ka rubuta, duba abin da mutane ke nema, ka rubuta a kansa. Ga mai sayar da takalma a Faris wannan daidai ne, kasuwarsa cike take, dubban shafuka na kokowa a kan kalma guda. Mu kasuwarmu wayam take. Kayan aunawa za su ce maka kusan ba mai neman tarihin Tanimun na Damagaram da Hausa, ko waƙoƙin Ɗan Gurmu na Tawa. Me ya sa ba a nema? Don wanda ya taɓa nema bai samu abin kirki ba, ya koma Faransanci, bai sake gwadawa ba. Sai marubuci ya ga lissafin ya ce ba riba, ya tafi ya rubuta farashin waya ko rigimar ƴan fim. Haka abin ke zagayawa: ba a rubuta ba don ba a nema, ba a nema don ba a rubuta ba. Sarauniya Mangu ta tari rundunar Voulet da Chanoine a Lugu a 1899, Abdoulaye Mamani ya yi littafi a kanta a 1980, Med Hondo ya yi fim a 1986. A ƙasar Arewa aka yi abin, da Hausa ake ba da labarinsa a bakin tsofaffi, amma ɗalibin da ke son karanta shi a waya da harshen waɗanda suka kawo harin zai fi samu. Kokowar gargajiya ma haka: tun 1975 da aka fara gasar takobi a Tawa, ƙasa duka ke tsayawa cik a kanta, da Hausa ake kirari a fili, amma je ka nemi bayanin zakarun shekara da shekara da Hausa ka gani.

Akwai kuma batun sunaye. Wanda ke bin lissafi zai rubuta Zinder ya bar Damagaram, ya rubuta Niamey ya bar Yamai, ya guji lakwal da jikka da mushe don masu bincike daga Najeriya sun fi mu yawa nesa ba kusa ba. Ba ni da rigima da Hausar Kano, ita muke karantawa tun muna yara. Amma in ɗan Maraɗi ya goge bakinsa don ya yi takara da BBC da DW da Aminiya a kan kalmominsu, ya sha kaye tun kafin a buga ganga, don su ke da shekaru da dubban mahaɗai. Inda ba su kai ba, can ne filinsa. Kuma ba sai an zaɓi ɗaya ba: jimla guda na iya ɗaukar Damagaram da Zinder tare, mai karatu ya ƙaru, injin ma ya gane gari ɗaya ne.

Mafi muni su ne shafukan da ake cikawa da fassarar inji. Tun 2013 da Hausa ta shiga Google Translate, wasu ke kwaso maƙalar Turanci su juye ta, ba su ko karanta, su liƙa talla a gefe. In ka karanta sai ka ji kalmomin na Hausa ne amma ƙashin bayan na wani ne. A batun girki abin dariya ne. A batun magani ko ciwon yara, uwa ce za ta karanta ta yi aiki da shi. A 2022 kamfanin ya sanar da sabon gyara don fifita rubutun da aka yi domin mutane, amma duk mai bincike da Hausa ya san irin waɗannan shafuka na nan suna fitowa, don sau da yawa ba wani abu a wurin da zai ture su.

Saboda haka ga matsayina a kan namu shafin, in an yi shi. Mu ɗauki take bayyananne, shafi marar nauyi, rubutu na gaske, mu kuma roƙi ƴan uwanmu na jami'o'in Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa mu riƙa saka mahaɗa zuwa aikin juna, wannan shaida ce ta halal. Mu yi rajista a Search Console, kyauta ne, zai nuna mana kalmomin da suka kawo mutane. Haruffanmu kuwa su zauna yadda suke, kuma maƙala ta farko da za a ɗora ina ba da shawarar ta zama ta Lugu.