Asali da Suna a Ƙagaggen Labari: Nazari Daga Ƙasar Manchok

1.0 Gabatarwa

Hausawa kan ce suna linzami ne. Idan haka abin yake ga mutum mai rai, to ga tauraron ƙagaggen labari ya fi haka, domin shi ba a ganin fuskarsa balle tsagarsa, ba a kuma jin karin harshensa. Abu na farko da mai karatu ke cin karo da shi shi ne suna, daga nan ne kuma yake fara kintatar gidan da tauraro ya fito, da addininsa, da zamaninsa. A wannan maƙala za mu dubi yadda marubuci zai bi salsalar tauraronsa kafin ya raɗa masa suna. Mun zaɓi ƙasar Manchok da kewayenta a kudancin Jihar Kaduna, saboda wuri ne da sakaci wajen zaɓen suna kan tona asirin marubuci nan take.

2.0 Abin da Magabata Suka Yi

Marubutanmu na farko ba su yi wasa da wannan al'amari ba. A littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa (1934), tambayar da almajirai suka yi wa malaminsu game da asalinsa ita ce ta buɗe ƙofar labarin gaba ɗaya. Amsar ta kai mu Kagara inda aka haife shi, da Fatika garin mahaifiyarsa, kana ta ratsa da mu hamada a kan hanyar cinikin bayi. Ke nan asalin tauraro shi ne ƙashin bayan zubin littafin. A Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East, yaron da Malam Shehu ya samu bayan ya daɗe yana neman haihuwa ana kiransa Kyauta. Sunan ya gaya mana darajar yaron a wurin uban, ya kuma ƙara wa labarin ɗaci sa'ad da kyautar ta zame wa gidan musiba. Haka Hafsatu Abdulwaheed ta yi a So Aljannar Duniya (1980): da jin sunan Boɗaɗo an san Bafulatana ce, an kuma hango irin tirjiyar da za ta fuskanta wajen auren wanda ba jininsu ba. Ko a rubutun Ingilishi na 'yan Arewa, Elnathan John ya ɗauko sunan littafinsa Born on a Tuesday (2015) daga laƙabin tauraronsa, Ɗantala.

Abin lura shi ne, a duk waɗannan misalai sunan yana aiki a cikin labarin. In da za a cire shi a sa wani, da labarin ya yi rauni.

3.0 Manchok da Tarihin da ke Cikin Sunayenta

Manchok ita ce fadar masarautar Marwa, a Ƙaramar Hukumar Kaura, daf da iyakar Jihar Filato. Mutanen ƙasar suna kiran kansu Asholio, harshensu kuwa dangi ne na kusa da na Kagoro (Agworok), da Attakar (Atakad), da Kataf (Atyap), da Fantswam waɗanda daga sunansu aka sami Kafanchan. Tun a nan marubuci ya gamu da zaɓi na farko, wato da wane suna tauraro zai kira ƙabilarsa? Ɗan kasuwa Bahaushe zai ce Kaje da Jaba, amma malamin makaranta ɗan ƙasar mai kishin asalinsa zai ce Bajju da Ham. Wanda ya sa kalma ɗaya a bakin su biyun bai saurari mutanen da yake rubutu a kansu ba.

Abubuwa huɗu na tarihi sun bar tabonsu a kan sunayen wannan yanki. Na farko, cuɗanya da Hausawa da Fulani ta hanyar fatauci da kiwo da yaƙi da farautar bayi, musamman bayan kafuwar masarautar Jama'a a farkon ƙarni na 19 a ƙarƙashin Zazzau. Marwa da Kagoro da Jaba sun riƙe sarautunsu na kansu, a 1934 ne Turawa suka haɗa su da Lardin Zariya. Na biyu, hanyar jirgin ƙasa da ta mayar da Kafanchan mahaɗa a 1927, reshenta na zuwa Jos ya bi ta Kagoro da Manchok, ya kawo Ibo da Yarabawa da sauran baƙi. Na uku, haƙar kuza a Filato wadda ta kwashi samari, har da aikin tilas na lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Na huɗu, zuwan mishan, da fitowar Littafi Mai Tsarki cikin Hausa a 1932. Daga wannan fassara ce sunaye irin su Bulus, Bitrus, Ishaya, Irmiya, Luka, Rifkatu da Rahila suka bazu a ƙasar.

Sunayen fitattun mutanen yankin sun ishe mu shaida. Sarkin Marwa da ya hau karaga a 1966, ya kuma yi fiye da shekara hamsin a kanta, sunansa Tagwai Sambo: na farkon kalmar Hausa ce, na biyun kuwa sunan da Fulani kan ba ɗa na biyu. Sarkin Kagoro daga 1945 zuwa 2008 shi ne Gwamna Awan, wato kalmar Ingilishi da ta bi ta bakin Hausawa, haɗe da sunan gida. Patrick Ibrahim Yakowa, gwamnan Kaduna daga 2010 zuwa 2012, da Bishop Matthew Hassan Kukah, kowannensu yana ɗauke da suna hawa uku. Darasin a fili yake: a wannan ƙasa sunan Hausa ba ya nuna mai shi Bahaushe ne, sunan Ibrahim ko Hassan ko Musa ba ya tabbatar da cewa Musulmi ne.

4.0 Inda Sababbin Marubuta Ke Tuntuɓe

A cikin gajerun labaran da ɗalibai kan miƙo mana, kurakurai uku ne suka fi yawa. Na farko shi ne hana mutum suna ɗungurungum, a ce "wani Kirista" ko "wata 'yar ƙabila", ko ma a jefe shi da kalmar "arne" daga bakin mai ba da labari. Idan wani tauraro mai raini ne ya furta kalmar, wannan siffanta halinsa ne. Idan kuwa marubucin ne da kansa, to ya shiga cikin rainin. Na biyu shi ne a ɗauko John ko Mary a liƙa wa duk wanda ba Musulmi ba, ko da tsoho ne da aka haifa kafin mishan su iso ƙauyensu. Na uku shi ne a ba ɗan Manchok sunan Ibo ko na Yarabawa, tamkar duk abin da ke kudu da Zariya ƙasa ɗaya ce.

Wannan ya wuce matsalar salo. Yankin ya ga rikicin Kafanchan na Maris 1987, da na Zangon Kataf na 1992, da na bayan zaɓen 2011, inda Musulmi da Kirista duk suka yi asarar rayuka. A irin waɗannan ranaku, tambayar "yaya sunanka?" a kan hanya takan zama tambayar rai ko mutuwa. Adabin da ke koya wa matasa cewa suna ɗaya na nufin ɓangare ɗaya yana ƙara wa wannan wuta itace, ko da marubucin bai nufa ba.

5.0 Gwaji a Aikace

Bari mu ƙago tauraruwa mu gani. A ce labarinmu zai faru a Kafanchan a 1987, tauraruwar kuma malamar asibiti ce 'yar shekara ashirin da tara. Ke nan a 1958 aka haife ta. Sai mu koma baya hawa biyu. Kakanta na wajen uba an haife shi a wani ƙauyen Manchok wajen 1905, lokacin da Turawa ke kan kafa mulkinsu. Wannan ba shi da dalilin ɗaukar sunan mishan. Sunan gida zai amsa, irin su Kazah ko Boman ko Kambai, kuma wajibi ne marubuci ya je wurin masu harshen ya ji ma'anar sunan da ya zaɓa da gidajen da aka san su da shi. Ubanta an haife shi wajen 1932, ya yi makarantar mishan, aka yi masa baftisma da sunan Bulus, ya sami aikin reluwe. Ita kuwa ranar Lahadi aka haife ta, don haka a gida Ladi ce, a coci Rifkatu, a takardar makaranta an rubuta Rebecca.

Da wannan kaɗai mun sami kayan aiki masu yawa. Kakarta za ta kira ta da sunan gida, maƙwabciyarsu Bahaushiya mai sayar da ƙosai ta ce Ladi, likita ya ce Rebecca. Duk sa'ad da sunan ya canza, mai karatu ya san da wa take magana da kuma matsayinta a wurinsa, ba tare da dogon bayani ba.

Yanzu mu ba ta aboki, wani direba Musulmi haifaffen Kafanchan. Ba ya wadatarwa a ce "Bahaushe ne". Kakansa Bakano ne da fatauci ya kawo, ko Bafulatanin Jama'a, ko Babarbare? Amsar za ta nuna wanda zai yi wasan barkwanci da shi, tun da Bakano da Bazazzagi abokan wasa ne, haka Bafulatani da Babarbare. Idan sunan yankansa Abubakar, wataƙila Garba ko Habu ake kiransa. Idan bayan 'yan'uwa mata aka haife shi, Tanko ne. Idan bayan tagwaye ne, Gambo. Idan ɗan fari ne, mahaifiyarsa ba za ta ambaci sunansa ba saboda kunya. Idan kuma muka sa mahaifiyar tasa 'yar Kagoro ce da ta musulunta, to yana da kawunai a coci, ranar da gari ya rikice kuma labarinmu ya riga ya sami tsakiyarsa. Irin wannan auratayya abu ne sananne a yankin, marubuci bai ƙirƙiro abin da babu shi ba.

6.0 Wasu Ƙa'idoji

Daga abin da ya gabata za mu iya tsamo ƙa'idoji huɗu. Da farko a tsayar da shekarar haihuwar tauraro, domin suna ma yana da yayi. Sunayen Larabci irin su Sumayya da Yasir da suka cika littattafan soyayya na shekarun 1980 da 1990 ba su dace da kakar da aka haifa a ƙauye a 1920 ba. Na biyu, a rubuta salsala hawa uku ta wajen uwa da ta wajen uba a takarda daban, ko da kashi ɗaya cikin goma ne kawai zai shiga labarin. Na uku, a tantance wa ya raɗa sunan da abin da ya sa, sannan wa ke kiransa da wane suna. Na huɗu, a guji haɗa suna da sarauta da gari yadda za su nuna wani mutum na gaske, don kada ƙage ya koma ƙazafi.

Akwai kuma gargaɗi. Kada suna ya zama hukunci, a ce duk mugu sai an kira shi Mugu, duk mai haƙuri Haƙurau. Wannan salon tatsuniya ne, yana da muhallinsa, amma ƙagaggen labari na zamani yana bukatar mutum mai iya saɓa wa sunansa.

7.0 Kammalawa

Hausa ita ce harshen kasuwa da coci da masallaci a Manchok da Kafanchan, saboda haka mutanen wannan ƙasa masu karanta adabin Hausa ne, cikinsu kuma akwai ɗalibanmu. Haƙƙinsu ne su tarar da kansu a cikinsa da sunayen da iyayensu suka raɗa musu. Muna kira ga marubutanmu masu tasowa, kafin su ɗora alƙalami a kan takarda, su tambayi tauraronsu abin da almajiran Shaihu Umar suka tambayi malaminsu, su kuma yi haƙuri su saurari amsar har ƙarshe.