Kirarin Maza a Fagen Dambe: Wa Ya Cancanci a Kira Shi Jarumi?

Da la'asar sakaliya, idan mai kalangu ya saki taken ɗan dambe a gidan damben Ali Zuma da ke Dei-Dei a Abuja, ko a dandalin Ado Bayero a Kano, sai ka ga mai taken ya zabura tsam, jikinsa na tsuma. Hannu ɗaya a naɗe da kara, ɗayan a buɗe yana tare naushi, ga layu a damtse. Kafin a yi turmin farko maroƙi ya riga ya kira shi gwarzo, ya kira shi namijin duniya, 'yan kallo kuma sun amsa. A wannan fage ba a gardama kan cewa ɗan wasa jarumi ne.

Dalilin yana cikin tsarin wasan. Dambe sana'ar rundawa ce tun asali, ana yin ta da kaka bayan an kai amfanin gona gida, samari su tashi gari zuwa gari neman abokin karawa. Wanda ya shiga fage da sunan garinsu da na maigidansa yake shiga. Shi ya sa har yau sunayen 'yan dambe ke zuwa da Shagon wane, Autan wane, Bahagon wane, kuma aka kasa su ɓangarori irin su Kudu da Arewa da Guramaɗa. Idan aka buge mutum ya kai ƙasa, cewa ake yi an yi kisa, kuma kunyar takan bi shi har gida, ta shafi duk wanda ya ɗaure masa hannu. Saurayin da ya san haka, ya san kuma abokin karawarsa ya fi shi ƙarfi, amma ya taka ya nemi a sa zare, lalle ya nuna zuciya.

Sai dai zuciyar ba ta wanzuwa sai da mai waƙe ta. Mafi yawan waɗanda suka san sunan ɗan dambe Shago a yau ba su taɓa ganin naushinsa ba. A bakin Ɗan Anace suka san shi, ta rediyo da kaset. Makaɗin ne ya zaɓi abin da za a tuna: ranar da aka yi kisa, garin da aka shiga aka watsa taro, mazan da suka ji labarin zuwansa suka sulale. Ranakun da aka sha kashi kuwa ba kasafai suke samun gurbi a waƙa ba.

A nan ne ya kamata mai nazari ya yi hattara. Waƙoƙin maza rashin tsoro suke yabo, ba su cika tambayar inda aka kai shi ba. Kassu Zurmi ya waƙe 'yan tauri da mafarauta, Gambu kuma ya shahara da waƙar ɓarayi, kuma salon zuga a wurinsu duka ɗan'uwan na fagen dambe ne. Tunda salon da ya ɗaga ɗan dambe zai iya ɗaga mai fasa gidan mutane da tsakar dare, kirari kaɗai bai isa shaida ba.

A Nijar an ɗora wa al'adar karawar maza a fage wani nauyi na daban. Tun 1975, lokacin da aka fara gasar kokawa ta ƙasa a Tahoua, Yacouba Kantou na Maraɗi ya ɗauki takobin farko da ake ba zakara, kokawa ta zama wurin da jihohin ƙasar ke haɗuwa duk shekara. Issaka Issaka na Dosso ya ɗauki takobin sau shida. Abin da ya fi burge masu bin gasar shi ne abin da ke biyo bayan kaye: wanda ya kayar yakan miƙa hannu ya ɗaga wanda ya faɗi, su rungumi juna a gaban dubban mutane. Ƙarfin da ya san inda zai tsaya ya fara kama da jarumtar da dattawa ke nufi.

Misalin da ya fi fayyace lamarin daga Amurka ya fito. A watan Afrilun 1967 Muhammad Ali, yana da shekara 25 kuma yana riƙe da kambun duniya na ajin masu nauyi, ya ƙi shiga soja don yaƙin Biyetnam, bisa hujjar addininsa. Aka ƙwace kambun, aka hana shi lasisi, kotu ta yanke masa ɗaurin shekara 5 da tarar dala 10,000. Bai shiga kurkuku ba saboda ya ɗaukaka ƙara, amma sai a Oktoban 1970 ya sake hawa fage, Kotun Ƙoli kuma ta soke hukuncin a 1971. Shekarun da ƙarfinsa ya fi cika a zaune ya cinye su. Joe Frazier ya doke shi a 1971, Ken Norton ya karya masa muƙamuƙi a 1973, duk da haka darajarsa ba ta ragu ba, domin ba a kan yawan kisa aka gina ta ba.

To, ɗan wasa na iya zama jarumi, amma da sharaɗi. Fage yana gwada ƙarfi da juriya da taurin rai, kuma wanda ya ci wannan gwajin ya cancanci takensa da kyautar mota ko babur da ake sa wa a manyan gasanni. Matakin da ke sama da wannan sai an ga abin da mutum ya yarda ya rasa saboda wasu, ko saboda gaskiyar da ya riƙe, a ranar da babu kalangu babu tafi. 'Yan dambe da 'yan kokawa da yawa sun hau mataki na farko. Na biyun kuwa kaɗan ne suka kai shi, kuma su ne ya kamata makaɗa da 'yan jarida su riƙa nuna wa yara masu tasowa.