«Couplage sectoriel» da Hausa: wa ke haɗawa, me ake haɗawa?

Wannan ɗan rubutu ya shafi wata kalma da ake gamuwa da ita cikin takardun tsara ayyukan wuta na Faransanci, watau couplage sectoriel, da fassarar da ta fi saurin zuwa bakin mai fassara: «haɗin sassan makamashi». A ganinmu fassarar nan ba ta yi ba. Tun da dokar ƙasa ta watan Maris 2025 ta ɗauki Hausa a matsayin harshen ƙasa, batun ya wuce gardamar malamai, domin da irin waɗannan kalmomi ne za a je gaban mai gari.

A Jamus ne ra'ayin ya yi ƙarfi, da sunan Sektorenkopplung. Can sassan uku ne: lantarki, ɗumi, da sufuri. In iska ko rana ta ba da wutar da ta zarce buƙata, sai a juya rarar ta ɗumama ruwa ko ta cika batirin mota. Dokar da ta fara aiki ran 1 ga Janairu 2024 ta ɗora wa garuruwa masu fiye da mutum 100.000 su gama tsarin ɗuminsu kafin ƙarshen Yuni 2026, ƙanana kuwa 2028. Kalmar ta dace da ƙasar da sanyi ke kisa cikinta.

A Maraɗi ko Tawa fa? Abin da ke matsayin chaleur a nan tukunya ce bisa murhu, kuma itace ke ƙarƙashinta. Ƙasarmu ta san haka tun tuni: murhun ƙarfe «Mai sauƙi» da kasuwannin itace na karkara, waɗanda dokar 1992 ta kafa, duk don wannan aka yi su. Mai cewa «sassa» ya ɗauko rabon Jamus bai sani ba, mai sauraro kuwa sassan gida ko na jiki zai ji. «Makamashi» ma da sauran magana: daga «kama» yake, abin da wuta ke kamawa ke nan, kara ko itace. A faifan rana ba abin da ke ƙonewa. Mun yarda rediyo ya faɗaɗa ma'anar kalmar, ba za mu yi jayayya da abin da ya zauna ba.

Babban aibin a nahawu yake. A duba:

(1) Haɗin sassan makamashi zai rage ɓarna.
(2) Za a haɗa niƙa da ban ruwa a wutar rana.
(3) Kwamitin gari zai ba injin niƙa wuta daga hantsi zuwa azahar, masu lambu daga azahar zuwa la'asar.

Aikatau «haɗa», na aji na 1 a tsarin Parsons, yana neman aikau da karɓau. A (1) an mai da shi suna, kamar yadda Faransancin ofis ya saba, aikau ya ɓace. A (2) aikatau ya dawo amma «a» ta ɓoye mai yin. A (3) kaɗai ake iya miƙewa tsakiyar taro a ce ba a yarda ba.

Akwai kuwa abin da za a ƙi. A ƙauyen da ke da ƙaramar tashar rana, wuta tana yawa ne da tsakar rana. Ta dare daga batir take, batir kuma yana cikin kayan da suka fi tsada. Abin da injiniya ke kira couplage a nan shi ne a tura manyan ayyuka zuwa lokacin da rana ta take. Ke nan matar da ta saba kai niƙa da sassafe za ta sake lokacin girkinta. Mai lambu ya san ban ruwa da rana tsaka asara ce, sai dai a tara ruwan a shato a saki da maraice. To, wa zai biya shaton? In hazo ya rufe rana, firij ɗin gidan likita za a fara ba ko injin mai kuɗin gari? Jimla ta (1) ba ta bar ƙofar ko ɗaya daga cikin tambayoyin nan ba.

Wasu abokan aiki na cewa Hausa ta riga ta haɗa sassan da kanta, tun da «wuta» ta ƙunshi ta murhu da ta kuran. Maganar na da daɗin ji, amma haɗari ne: wadda aka ce wa «wuta za ta zo» tana iya zaton ta huta da neman itace, alhali ƙaramar tasha ba safai take ɗaukar girki ba.

Ba aikin muke suka ba. Wanda ya ga duhun da ya biyo bayan yanke wutar Najeriya a watan Agusta 2023 ya san amfanin tashar Malbaza ta 2018 da ta Goru Banda mai megawat 30. Shawararmu ita ce a bar neman suna ɗaya tilo, a fassara da cikakkar jimla mai aikau da lokaci. In kuma dole sai an laƙaba suna, «rabon wuta» ya fi kusa. Manoman filayen noman rani na Ƙwanni sun daɗe suna rabon ruwa bi da bi, suna da kalmomin layi, da tara, da kuɗin gyara. Ɗalibin da ke neman batun maîtrise ya ɗauki rakoda ya je can ya tattaro su.