Fim Marar Magana da Kunnen Makaɗi: Nazari Daga Cikin Badala

Idan fim ya fito a Kano, tambayar farko da ake yi ita ce mene ne saƙonsa. Furodusa zai ce don faɗakarwa ya yi shi, ɗan wasa ya maimaita hakan a hira, mai kallo kuma ya auna shi da abin da aka faɗa a ciki: wa ya gaya wa wa magana, wace uwar miji ce ta yi wa surukarta gori, wane dattijo ne ya yi nasiha kafin a tashi. Ma'aunin yana da amfaninsa, sai dai akwai wani nau'in fim da ba ya hawa kansa. Babu mai cewa uffan a cikinsa, hoto ɗaya yakan daɗe a kan allo har mai kallo ya gyara zama, kuma sau da yawa wanda ya yi shi makaɗi ne da ya ɗauki kyamara. A ganina wannan nau'i yana da daraja ta fasaha wadda rashin magana bai rage mata komai ba, kuma cikin birnin Kano, abin da badala ta kewaye, yana daga wuraren da suka fi cancanta a yi shi.

Wanda ya fi dacewa a fara da shi shi ne Phill Niblock, mutumin Amurka, wanda aka haifa a 1933 ya mutu a watan Janairun 2024. Da ɗaukar hotunan makaɗan jaz ya fara a birnin Niyok, daga baya ya shiga haɗa kiɗan kansa. Daga 1973 har zuwa farkon shekarun 1990 ya riƙa yawo da kyamara a ƙasashe irin su Meziko, Peru, Birazil, Lesotho, Sin da Japan, yana ɗaukar mutane a bakin aikinsu: masunta, manoma, masaƙa, masu dakon kaya. Ya sa wa aikin suna The Movement of People Working. Babu mai sharhi a ciki, babu hira da kowa. Kyamara takan tsaya a kan hannu da kafaɗa da abin da ake sarrafawa, fuska ba ta cika samun shiga ba. Kiɗan da yake sawa tare da hotunan kuwa babu ganga a cikinsa, babu amshi. Dogayen sautuka ne da aka jera a kan juna, wasu sun kusanci juna ƙwarai har suna gogayya, kunne ya ji kamar iskar ɗakin ce ke rawa. Bai ɗaure kiɗan da hoton ba; kowanne tafiyarsa yake, mai kallo ne ke haɗa su a ransa.

Me ake samu a nan wanda fim na yau da kullum ba ya bayarwa? Lokaci. A fim ɗin da muka saba, idan aka nuna masunci yana jan koma, daƙiƙa uku ake ba shi don mu gane cewa masunci ne, sai a yanke zuwa inda ake magana. Aikin nasa alama ce kawai. Idan aka bar hoton ya yi minti biyar, sai ido ya gama gane abin da yake kallo, ya rasa sabon labari, daga nan ya fara gani da gaske. Ja na ashirin ba daidai yake da na farko ba. Ana ganin inda mutum yake tattalin ƙarfinsa, inda yake barin nauyin jikinsa ya yi masa aikin, inda gajiya ta fara shiga. Wannan ilimi ne da ke cikin jiki, kuma ko shi mai aikin aka tambaya ba zai iya zayyana shi da baki ba.

Dalilin da ya sa makaɗa suka fi wasu iya wannan a fili yake. Marubuci yana tsoron maimaici, don a wurinsa abin da aka faɗa sau biyu ɓata takarda ne. Makaɗi kuwa da maimaici yake cin abinci. Ya san cewa zagaye na goma na kiɗa ɗaya ba ya faɗa wa kunne yadda na farko ya faɗa, ya san lokacin da za a sauya da lokacin da za a daure. Idan ya zauna tace hoto, da wannan kunnen yake yanka. Brian Eno na Ingila ya kwantar da kyamara a tagar gidansa a Manhattan a 1980 da 1981, ya bar ta tana ɗaukar sama da rufin gidaje, gajimare na wucewa a hankali. Jóhann Jóhannsson, mutumin Ayisilan da ya shahara da yi wa fina-finai kiɗa, ya je yankin Antatika ya ɗauko ƙanƙara da tsuntsaye da dabbobin teku a hoto baƙi da fari, ya fitar da End of Summer a 2014, fim na kusan rabin awa ba tare da kalma ɗaya ba. Ba duka nake sa su a sahu ɗaya ba. Na Eno ya fi kusa da adon bango, ana iya juya masa baya a ci gaba da hira, kuma shi kansa bai nufi fiye da haka ba. Na Niblock ya fi nauyi, domin akwai mutum a ciki, kuma mutumin yana wahala.

Mafi kusa da mu shi ne abin da aka yi a Agadas. A 2017 Ahmoudou Madassane, makaɗin jita da ke tare da Mdou Moctar, ya haɗa kai da Christopher Kirkley suka yi Zerzura, labarin saurayin da ya shiga hamada neman ɗan'uwansa. Akwai magana a ciki da Buzanci, amma kaɗan ce. Abin da ke riƙe da fim ɗin shi ne tafiya, da faɗin rairayi, da jitar Madassane da ke biye da matafiyin. Ya nuna cewa makaɗi daga yankinmu zai iya ɗaukar nauyin fim da tsirkiyar kayan kiɗansa.

Za a ce mutumin Kano ba zai zauna wa fim marar magana ba. Ban yarda ba, kuma tarihin kallo a garin yana goyon bayana. Tun daga shekarun 1950, zamanin da aka buɗe sinimar Palace a cikin birni ana ta ce-ce-ku-ce a kanta, har zuwa zamanin kaset, Kanawa sun yi shekara da shekaru suna kallon fina-finan Indiya ba tare da jin yaren ba. Daga fuska suke karanta labarin, daga tafiya, daga yadda kiɗa ya sauya idan mugu ya shigo. Mutum zai fito daga Mother India ya ba ka labarinsa tiryan-tiryan, alhali bai fahimci jimla ɗaya ba. Wannan horo ne na ido da kunne, kuma na jama'a ne gaba ɗaya. Fassarar da kamfanoni irin su Algaita suka kawo daga baya ta sauƙaƙa kallo, ta kuma ƙara barkwanci, amma ta ɗauke wa mai kallo wancan aikin da yake yi da kansa.

Akwai horon da ya girme wannan nesa ba kusa ba. Bahaushe ya san take. Kalangu zai yi kiɗa babu muryar kowa, mahauci ya miƙe tsaye don ya ji an kira shi. Maƙera suna da dundufa, manoma suna da gangar noma, fada tana da tambari da kakaki da algaita, kuma wanda ya tashi kusa da Gidan Rumfa yana gane abin da ke faruwa a ciki daga busa kaɗai. A cikin gida ma, mata biyu ko uku a kan turmi ɗaya sukan mai da daka lugude, taɓarya na sauka bi da bi, a tafa hannu a tsakani. Al'ummar da ta daɗe tana ɗaure kiɗa da sana'a haka ba baƙuwar abin da Niblock ya yi yawon nema ba ce.

To me ya sa fim ɗinmu ya cika surutu? Daga ƙungiyoyin wasan kwaikwayo ya fito, su kuma daga dandamali da rediyo da talabijin. Turmin Danya na 1990, wanda ake lissafawa a farkon wannan masana'anta, aikin ƙungiyar Tumbin Giwa ne. Ga kuma sauƙin kuɗi: mutum biyu a falo suna musayar magana sun fi komai arahar ɗauka. Sannan da yawa daga masu kallo a gida suna aiki ne fim na tafiya, kunne ke bin labarin, ido sai jefi-jefi. Da waƙa ta shigo da ƙarfinta a ƙarshen shekarun 1990, musamman bayan fim ɗin Sangaya, mawaƙa sun samu babban matsayi, wasunsu kamar Sani Danja da Adam A. Zango da Umar M. Shareef suka zama taurari a gaban kyamara, Nazifi Asnanic kuma har da ba da umarni. Amma mawaƙi mutumin kalma ne, da baiti yake tunani. Wanda nake nufi shi ne na bayan fage, makaɗin da ke zaune a gaban fiyanon Yamaha a situdiyo, wanda sau da yawa ba a san ko sunansa ba. Kunnen da ake bukata yana wurinsa.

Mu ɗauki marinar Ƙofar Mata, wadda ake danganta kafuwarta da 1498. Marini yana zaune a bakin rami, ya tsoma ƙyalle cikin ruwan baba da toka, ya ɗago shi, ya buɗe shi ya sha iska, ya sake tsomawa. Idan ƙyallen ya fito, launinsa ya fi karkata ga kore. A gaban idonka yake juyawa ya koma shuɗi yayin da iska ke taɓa shi, kuma kowace tsomawa tana ƙara masa duhu. Duk wanda ya yanke wannan hoton bayan daƙiƙa biyar ya zubar da abin da ya je ɗauka, domin rinin a cikin jiran yake faruwa. Mai sharhi zai iya cewa iska ce ke sauya launin, magana ta ƙare a jimla ɗaya, amma jin haka daban, zama a ga koren yana mutuwa a hankali daban.

Kusa da nan akwai masu bugu. Suna zaune suna fuskantar juna, gungumen itace a tsakaninsu, an naɗe yadi an ɗora a kai, kowa da gudumarsa ta katako. Ɗaya ya sauke, ɗaya ya ɗaga. Idan hannu ya yi ɗumi sai bugun ya daidaita ya zama kiɗa sosai, wani ya saka ƙarin bugu a tsakani, a sassauta don a juya yadin, a sake ɗauka. Sheƙin da ake gani a jikin babbar riga ranar Hawan Daushe daga nan ya fito. Wanda ya yi fim a wannan rumfa ba ya bukatar ya kawo kiɗa daga waje. Aikinsa shi ne ya san inda zai aje na'urar ɗaukar sauti, ya kuma san yaushe zai bar ƙarar adaidaita-sahu da kiran sallar La'asar su shigo, don su ma na wurin ne.

Akwai haɗari a wannan nau'i, kuma ba ƙarami ba ne. Idan aka cire magana, ana iya cire mutum tare da ita. Marinan Ƙofar Mata sun sha ɗaukar hoto daga 'yan yawon buɗe ido, a nuna hannu shuɗi da rami, a tafi, ba a san sunan mai hannun ba, ba a san cewa ramuka da yawa sun bushe don yadin waje ya cinye kasuwa ba. Fina-finai irin su Baraka na 1992, duk da kyan hotonsu, suna da wannan lahani: mutanen duniya sukan zama ado, kowa ya wuce cikin ƙawa ba a tsaya a kansa ba. Ko Niblock bai tsira gaba ɗaya ba, tunda baƙo ne a duk inda ya ɗauka. Abin da ke rage lahanin shi ne daɗewa a kan mutum ɗaya har ya daina zama misali, da kuma sanin wurin. Ɗan cikin birni ya san cewa ramin da aka rufe yana da mai shi, ya san wane lungu ne ba a shiga da kyamara sai an yi sallama a zaure an nemi izini, ya san hoton da zai kunyata dattijo. Zai kuma rubuta sunayen masu aikin a ƙarshe, da yardarsu, ya biya su kamar yadda ake biyan 'yan wasa.

Kasuwa ba za ta yi maraba da irin wannan fim da wuri ba, kuma ba zai kori shirin Labarina daga gidajen mutane ba. Gajere ne zai fi dacewa da farko, minti goma sha biyar ko ashirin, a sa a YouTube ko a nuna a farfajiyar Gidan Makama da daddare. Kuɗinsa bai kai na waƙar biki guda da ake ɗauka da motoci da 'yan rawa ba.

Wahalar gaske tana wani wurin. Makaɗin situdiyo a Kano ya saba da bugun na'ura, wanda ba ya gaba ba ya baya, an saita shi tun farko kuma a kansa ake ɗora murya. Bugun masu bugu ba haka yake ba. Yana sauri idan yadin ya yi laushi, yana ja baya idan kafaɗa ta gaji, yana tsayawa cak idan wani ya shigo da sallama. Idan makaɗin ya ɗauko wannan sauti ya kai situdiyo ya gyara shi ya hau kan ma'aunin kwamfuta, ya sa masa fiyano a ƙasa, abin da zai fito bidiyon waƙa ne da aka cire wa baiti. Dole ya kashe na'urar, ya bar hannun masu aikin ya yanke masa tsawon kowane hoto, ko da hakan ya sa wani ya yi minti shida wani ya yi daƙiƙa arba'in.