Burodi da Ƙwai a Teburin Mai Shayi: Nazarin Abincin da Jirgin Ƙasa Ya Haifa

Masu bincike a kan abincin Hausawa sun saba tsayawa a kan tuwo da fura da dambu da waina, domin su ne ake ganin suna da asali da nasaba, alhali kuwa akwai wani abinci da ɗimbin mazan birnin Kano ke karya kumallo da shi kullum, da yawansu ma shi ne kalacinsu na dare, wanda har yanzu ba a ba shi haƙƙinsa na nazari ba, wato burodi da ƙwai irin na teburin mai shayi. Duk wanda ya ratsa ta gaban tashar jirgin ƙasa ta Kano bayan sallar asuba, ya bi ta Fagge har ya faɗa Sabon Gari, zai tarar da teburan nan a kowace kusurwa, an tula burodi a gefe guda, an jera gwangwanayen madara da Milo da Bournvita, ga kiret ɗin ƙwai, ga tukunya tana tururi, ga mutane a kan benci kowa na jiran a sallame shi. Manufar wannan bayani ita ce a gane sababin samuwar abincin a wannan wuri, da ƙa'idar da yake bi wajen karɓar baƙon abu ko ƙinsa.

Alkama dai ba baƙuwa ba ce a Kano, domin tun kafin Turawa su ci birnin a 1903 ana noma ta a lambuna da rani, ana yin gurasa da alkaki da finkaso da taliya, musamman a unguwannin da Larabawan Turabulus da na Gadamas suka zauna. Illa dai abinci ne na sarakuna da attajirai da ranakun buki, talaka kuwa gero da dawa ne ƙarfinsa. Burodin da ake kwaɓawa da yis, a zuba a gwangwani, a gasa a tanderu mai ɗaukar ɗaruruwa lokaci guda, shi kam ta kan dogo ya zo. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, zamanin Sarki Abbas, a shekarar da ta biyo kuma aka buɗe hanya sosai tsakaninta da Ikko, tafiyar da ta haura kilomita 1,100. Wajajen 1913 aka yanka filayen Sabon Gari domin akawuna da ma'aikatan reluwe da masu sana'o'in hannu da suka taho daga Kudu da Saliyo da Gwalkwas, mutanen da suka riga suka saba da burodi a bakin teku. Fagge kuwa, wadda daɗaɗɗen zango ne na fatake da Buzaye masu raƙuma, sai ta sami sababbin maƙwabta, Siriyawa da mutanen Labanan masu kantunan yadi da cinikin gyaɗa. Abin lura ne cewa mutumin da ya fi shahara da kafa sana'ar burodi a Ikko, Amos Shackleford ɗan ƙasar Jamaika, shi ma aikin reluwe ne ya kawo shi Najeriya a 1913, kafin ya bar shi ya buɗe gidan burodi.

Amma samuwar burodi kaɗai ba za ta haifi teburin shayi ba, sai da aka sami masu larurarsa. Jirgi ya zo da abubuwa biyu waɗanda suka sauya ɗabi'ar cin abinci, wato agogo da kuɗin lada. Leburan da ke ɗaukar buhunan gyaɗa yana ɗora su a kan dalar gyaɗa, irin waɗanda Alhaji Alhassan Ɗantata da sauran dillalai suka yi ta tarawa a gefen dogo, da ɗan ci-ranin da ya baro iyalinsa a ƙauye, da fasinjan da jirgi ya sauke cikin tsakar dare, dukansu mutane ne masu 'yan kuɗi a aljihu, marasa murhu, marasa wanda zai girka musu, waɗanda kuma lokacin cinsu ba ya bin lokacin ɗora tukunya a gidajen aure. Koko da ƙosai suna nan, amma hantsi na ɗagawa sun ƙare. Tuwon sayarwa yana nan, amma yana da sa'arsa. Aka bukaci wanda zai zauna a bakin hanya tun asuba, ya koma ya zauna har dare ya raba, ya kuma iya ƙosar da mutum kafin jirgi ya yi kuka. Da yake al'ada ta riga ta sakar wa maza girkin bakin titi, kamar yadda tsire da balangu da kilishi ke shaidawa, sai sana'ar ta faɗa hannunsu, har yau kuma a hannunsu take, da yawa daga cikinsu 'yan ci-rani ne daga ƙauyukan Kano da Jigawa da Jamhuriyar Nijar.

Shi kansa ƙwai ya daɗe bai sami gurbi a teburin ba, saboda a da abu ne na damina, lokacin da zabi ke saka, a dafa shi a yi talla a kasuwanni da tashoshi. Ga kuma camfin da iyaye ke yi cewa yaron da ya saba da cin ƙwai zai tashi da ɗauke-ɗauke, wanda mai hankali zai gane hikima ce ta tsare ƙwan kaza domin ta ƙyanƙyashe. Sai da gidajen gona suka yawaita, kajin turawa suka riƙa zuba ƙwai rani da damina, ana sayar da shi kiret-kiret mai ɗaukar talatin, sannan kasko ya zauna daram kusa da tukunyar shayi.

Yadda ake yinsa kuwa sananne ne ga kowa, amma akwai ƙwarewa a ciki. Mai saye zai ce, "Mai shayi, soya mini biyu, ka haɗa mini kauri," idan kuwa aljihu ya yi sanyi sai ya tsaya a ruwan bunu. Mai shayi zai fasa ƙwan a kofi, ya yanka albasa da attaruhu da tumatir a tafin hannunsa ba tare da katako ba, ya murje dunƙule, ya barbaɗa gishiri, ya kaɗa da cokali mai yatsu har ya yi kumfa, sannan ya juye a kaskon da man gyaɗa ya riga ya yi zafi. Kafin saman wainar ya gama bushewa, ya tsaga burodi ta gefe ya shafa bota ko bama, ya naɗe wainar ya cusa, sa'an nan ya mayar da burodin cikin kasko ya danne shi da gindin kofi ko faranti, ya juya ya sake dannewa, har ya yi faɗi, bayansa ya yi ja. A wannan dannewar ne gwani ke bambanta da ɗan koyo, domin da ita ce zafi ke ratsa burodin da ya kwana ya dawo masa da laushinsa, ɗanyen ɓangaren ƙwan ya shiga ƙofofinsa ya liƙe su, abu biyu su zama ɗaya, har mutum ya iya riƙe shi a takarda yana tafiya ba abin da zai zube.

Dabarar raya busasshen burodi da wani abu mai danshi tsohuwa ce a duniya, kuma tushenta ƙin almubazzaranci. Larabawa suna da sarid, gurasa da ake gutsuttsurawa a jiƙa da romon nama, wanda littattafan sira suka ambata cewa Hashimu, kakan mahaifin Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya ciyar da mutanen Makka da shi a shekarar yunwa. Kanawa suna da bandashe, inda ake yayyafa wa gurasa ruwa a bi ta da garin ƙuli-ƙuli da mai da albasa. Mutanen Faransa suna tsoma burodin jiya a ruwan ƙwai da madara su soya. Daga wannan na ƙarshen ne wani sabon salo ya fito a tsakanin masu girkin gida a Amurka da Koriya, inda ake sa cuku mai narkewa da kimci tsakanin yanka biyu na burodi, a tsoma su cikin ƙwai mai gishiri, a soya da bota a wuta kaɗan-kaɗan. Kimci kabeji ne da Koriyawa ke jiƙawa da gishiri, su cuɗa da barkono da tafarnuwa da citta da ruwan kifi, su rufe har ya yi tsami. Cuku kuwa bai shiga girkinsu sosai ba sai bayan yaƙin ƙasarsu na 1950 zuwa 1953, ta hanyar kayan abincin sojojin Amurka. Ashe su ma, kamar mu, abincin da suke alfahari da shi a yau haɗuwa ce ta ɗan gida da baƙo.

Idan aka yi ƙiyasin wannan da namu, za a ga cewa a can ƙwai riga ce ta waje, cuku ne ke liƙe ciki, tsamin kimci kuma ya karya maiƙon. A nan kuwa ƙwai ne ke yin aikin cuku, attaruhu da albasa su tsaya a madadin tsami. Tambayar da ta cancanci amsa ita ce, me ya hana cuku shiga teburin mai shayi, alhali tebur ne da bai taɓa ƙyamar baƙo ba? Madarar Peak, wadda aka fara sayarwa a Najeriya a 1954, ta shiga. Kifin gwangwani ya shiga. Indomie, wadda asalinta Indunusiya ne, ta iso ƙasar nan a 1988, aka kafa masana'antarta a Ota a tsakiyar shekarun 1990, yau ga shi har ta kusa rinjayar burodin. Wanda ya duba waɗannan zai ga sharuɗɗa uku ne suka cika, bayan sharaɗin halacci da ke gaba da kome: abin ya kwana a akwatin katako cikin zafin bazara bai lalace ba, a iya gutsura shi daidai da kuɗin lebura, ya kuma nuna a wuta ɗaya kafin mai jira ya gaji. Cukun Turawa ya faɗi a biyu na farko, domin yana bukatar firji da lantarki mai ɗorewa, tsadarsa kuma ta fi ƙarfin benci.

Muna da namu cukun, amma ɗabi'arsa daban ce. Wanda Buzaye da Fulanin Nijar ke shanyawa ya zama falle-falle, daka shi ake yi a zuba a fura ko a ci da shayi. Wara kuwa, wadda Fulani ke daskararwa da ruwan tumfafiya, idan ta ji wuta sai ta yi ja ta ƙara tauri kamar awarar waken suya, ba ta narkewa. Tana da falala guda a kan na waje, domin malaman fiƙihu sun yi saɓani a kan cukun da aka daskarar da abin da ake cirowa daga tumbin ɗan maraƙin da ba a yanka bisa shari'a ba, Abu Hanifa ya tafi a kan tsarkinsa, Malikawa da Shafi'awa suka tafi a kan akasin haka, alhali tumfafiya tsiro ce, ba ta shiga wannan mas'ala.

Shi ma rashin irin kimci a ƙasar Hausa yana da sababi a yanayin ƙasa. Koriyawa suna fuskantar hunturu mai ƙanƙara wanda ganye ba ya tsira a cikinsa, don haka suke taruwa a ƙarshen kaka su tsuma kabeji mai yawa a randuna, al'adar da hukumar UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a 2013. Mu kuwa Allah ya hore mana rana da busasshiyar iska, saboda haka shanya ganye muke yi, mu sami kuka da kalkashi da busasshiyar kuɓewa da kauɗa da gabu. Abin da muke bari ya tsumu shi ne kalwa ta zama daddawa, madara ta zama kindirmo, gasara ta zama koko. Harshen Bahaushe ya san tsami sarai, sai dai bai saba samunsa a ɗanyen ganye ba.

Uwargidan da ke son gwada wancan salo a gida babu abin da zai hana ta, tun da asalin abubuwa halacci ne, tsamin kabeji kuma jinsin tsamin nono ne, ba ya gusar da hankali. Kabeji yana araha a kasuwar Yankaba lokacin sanyi. Ta yanka, ta cuɗa da gishiri har ya saki ruwa, ta ɗauraye, ta haɗa da attaruhu da tafarnuwa da citta, ta danna a kwalba mai tsabta, a zafin Kano kwana ɗaya ko biyu ya isa. Sai ta matse ruwansa sosai kafin ta sa a burodi, kada ya jiƙe. Ta zaɓi burodin da ya kwana, domin sabo dagargajewa yake yi a ruwan ƙwai. Ta kuma rage wuta, saboda ƙwan waje yana ƙonewa tun ciki bai ɗumama ba.

Adalci ya wajabta a faɗi illolin sana'ar. Akwai man da ake maimaitawa a kasko har ya yi baƙi, da ruwan wanke kofi da ba a sauyawa, da sukarin da ake zubawa ba awo a zamanin da ciwon sukari ya yawaita. Akwai sinadarin buromet da wasu gidajen burodi ke sawa don ya kumbura, duk da hanin da hukumar NAFDAC ta yi tun zamanin shugabancin Dora Akunyili. Babbar illa kuwa ita ce mafi yawan alkamar daga ƙetare take zuwa, duk da noman rani da ake yi a Kadawa da ruwan madatsar Tiga. Gwamnatin Babangida ta hana shigo da ita a 1987, burodi ya yi tsada ya kuma ragu, har aka janye hanin a 1992, kuma har gobe duk sa'ad da naira ta faɗi, a teburin mai shayi ake fara jin labari.

Hukuncin da nazari ya kai mu gare shi shi ne, wannan abinci ya zama na Hausawa da hujjar da ta fi asalin kayan haɗinsa ƙarfi, wato cewa bukatar mutanen wurin ce ta tsara shi, hannunsu ya ƙago dabararsa. Masu son ya ci gaba, gyaran mai da ruwa da ingancin burodi ya fi cancanta su sa a gaba, tare da ƙarfafa noman alkama da sarrafa madarar Fulani a cikin gida. Ranar da aka sami cuku mai narkewa daga shanun ƙasar nan, wanda za a iya yankawa na kuɗi kaɗan, ya kuma jure kwana a akwati, mai shayi ba zai jira shawarar kowa ba kafin ya sa shi a kasko.