Jimla cikin jimla: sharhi a kan gardamar harshen Piraha

A shekarar 1866, ƙungiyar masana harshe ta Paris ta hana gabatar mata da maƙala a kan asalin harshe. Gardamar da za mu duba a nan tana nuna cewa har yanzu, a wannan fage, zance yakan riga hujja.

A 2002, Hauser da Chomsky da Fitch suka kawo hasashen cewa abin da harshen ɗan Adam ya keɓanta da shi, shi ne ikon saka gini cikin gini irinsa, kamar a wannan misali: Audu ya ce [Binta ta ji [sarki ya iso]]. A 2005, Daniel Everett ya musanta. A cewarsa, Piraha, harshen mutane ƴan ɗaruruwa a bakin kogin Maici na ƙasar Brazil, ba shi da irin wannan gini, domin al'adarsu ta taƙaita magana ga abin da aka shaida.

Muna da suka ga ɓangarorin biyu. Da farko, ɗafa-ƙeyar -sai, wadda Everett ya danganta da jimla dogarau a nazarinsa na 1986, ita ce ya sake wa fassara daga baya. Nevins da Pesetsky da Rodrigues sun kama shi a nan a 2009. Na biyu, amsar almajiran Chomsky, wai ikon yana cikin ƙwaƙwalwa ko da harshe bai yi amfani da shi ba, ta fitar da hasashen daga hannun gwaji: babu harshen da zai iya ƙaryata shi.

Hausa tana koya mana taka-tsantsan. Baƙon da ya naɗi ya ce sun zo zai iya ƙirga jimla biyu, tun da babu mahaɗi. Korewa ce ke warware zancen: bai ce sun zo ba. Wannan ba ta ƙarshe ta rufe sun zo a ciki, jimla ɗaya ke nan. Rashin alama a fili bai zama rashin gini ba.

Saboda haka muna jan hankalin ɗalibanmu masu nazarin ƙananan harsuna, irin Tasawak na Ingal: abin da bai fito cikin faifanku ba, kada ku ce babu shi sai kun gwada da masu harshen.